Kafin ka yi hayar jirgi zuwa kamun kifi

Kai mai karatu, ko ka taɓa tsayawa bakin gulbi da sanyin safiya, ka ga masunta suna komowa da kifi cikin jirgi? Wataƙila ka ce a ranka: ni ma da zan samu wata rana in shiga, in jefa ƙugiya da hannuna. To, abu ne mai yiwuwa. Ba sai ka mallaki jirgi ba, kuma ba sai an haife ka gidan masunta ba. Akwai masu jirgin da za ka biya, su ɗauke ka wuni guda ko rabin wuni, su kai ka inda kifi yake, su maido ka. Wannan shi ne hayar jirgi don kamun kifi.

A ƙasashen bakin teku, kamar Sanagal da Amurka, abin ya zama babbar sana'a. Can jiragen manya ne, masu inji, kuma mutum yakan kama wuri tun da sauran makonni. Mu Nijar ba mu da teku. Amma muna da gulbin Kwara, wanda Zabarmawa ke ce ma Isa. Ya ratsa ƙasarmu wajen kilomita 550, tun daga iyakar Mali har iyakar Najeriya, gaba da Gaya. Muna da tafkuna kuma: na Madarunfa kudu da Maraɗi, na Tabalak bisa hanyar Tawa zuwa Agadas, da na Gidimuni gabas da Damagaram. Jirginmu na katako ne, wani ana tuƙa shi da gora ko filafili, wani an ɗaura mishi ƙaramin inji. Amma babba ko ƙarami, abin da sabon shiga ya kamata ya riƙe guda ne: duk wata magana a gama ta a tudu. Da zarar jirgi ya bar gaɓa, ciniki ya ƙare, sai abin da mai jirgi ya ce.

Wa za ka biɗa?

In ka isa bakin ruwa, ba za ka daɗe tsaye ba wani saurayi zai tarbe ka, ya ce yana da jirgi. Sau da yawa ba nashi ba ne. Dillali ne, la'adarshi yake nema, kuma daga aljihunka za ta fito. Ba laifi ba ne, shi ma abinci yake biɗa. Sai dai ba shi zai tuƙa ka ba, kuma alkawarin da ya yi maka bai ɗaure mai jirgi ba. Ka gaishe shi da mutunci, ka ce ya kai ka wurin mai jirgin da kanshi.

Abin da ya fi, ka fara da gaida sarkin ruwa ko wani dattijon masunta na wurin. Ka ce: «Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, muna son a kai mu kamun kifi. Wa za ka haɗa mu da shi?» Ya san wanda ya iya ruwa, ya san mai gaggawa, ya san wanda jirginshi ke yoyo. Kuma mai jirgin da sarkin ruwa ya haɗa ka da shi ba zai so a kai ƙararshi da marece ba. Kar ka damu da maganar harshe. A Yamai da Gaya masunta da yawa suna jin Hausa, wasu ma ita ce harshensu na gida, don Kabawa da Sarkawa sun daɗe suna bin gulbin nan da jiragensu.

Ka je kwana guda ko biyu kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ka tambayi ranar kasuwa. A Bubon, wajen kilomita 25 daga Yamai, kasuwa na ci ranar Laraba. Ran nan masu jirgi suna ɗaukar ƴan kasuwa da kaya, ba wanda zai bar wannan ya zauna da kai kana jiran kifi, sai fa in ka biya da tsada.

Ciniki

Nan ne gizo ke saƙa. Tambaya ta farko: jirgin gaba ɗaya ka ɗauka, ko wurin zama kawai? In wurin zama ne, kuɗin kaɗan ne, amma za ka tarda wasu mutane ciki, kuma ba kai za ka ce a tsaya nan ko a wuce can ba. In jirgin duka ne, kai da abokanka kaɗai, sai ku raba kuɗin.

Ta biyu: daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa? Kar ka yarda da «har rana ta yi». Ranar mai jirgi da taka ba ɗaya ba ce. Ku ce daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 11, ko daga asuba zuwa la'asar. Sabon shiga, ni dai shawarata ya ɗauki rabin wuni. Zaman jirgi ba zaman tabarma ba ne. Katako ne, ba wurin jingina, ba inuwa, ba damar miƙe ƙafa yadda kake so. Bayan awa 4 ƙugunka zai gaya maka gaskiya.

Ta uku: mi ke cikin kuɗin? In jirgin mai inji ne, isansi na wa? Ƙugiya da zare da tana, kai za ka zo da su ko shi? Yaron da ke taya shi tuƙi, yana cikin lissafin ko daban za a sallame shi? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta taɓa haɗa mutane faɗa.

Bari mu yi lissafi tare. Wannan misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba ne. A ce ku 5 ne. Mai jirgi ya ce jikka 15. Isansi lita 6, a ce kowace lita dala 100, ya kama jikka 3. Abinci da ruwan sha jikka 2. Duka jikka 20 ke nan. In kun raba, kowa jikka 4. Ka ga wanda ya ji «jikka 15» kawai, ya zo da jikka 3 cikin aljihu, zai ji kunya a bakin ruwa.

Mai jirgi zai so kafin alƙalami, kuma yana da gaskiya, don saboda kai ya bar sunshi na ran nan. Ka ba shi wani abu, kashi ɗaya cikin uku ya isa, ciko sai an komo. Kar ka biya duka tun farko. Sannan ku yi maganar fasawa. In kai ka fasa don ra'ayinka, kafin alƙalami ya zama nashi. In hadari ne ko iska ya hana, ku yarda tun yanzu: a ɗaga zuwa wata rana, ko a maido kuɗi.

In kun daidaita, ɗauko takarda ka rubuta. Layi 5 ko 6 sun isa: rana, lokacin tashi da na komowa, yawan mutane, kuɗin duka, abin da aka ba da, abin da ya rage. Ka karanta da ƙarfi gaban mutum 2, kowa ya ji. Ko mai jirgin bai iya karatu ba, ya ga an rubuta, shaidu sun ji.

Kifin na wa?

Wannan tambayar na ware ta daban, don ita ce ta taɓa cin ni.

Shekarun baya, wani horo ya kai mu Yamai. Ranar hutu, mu 4 muka yi hayar jirgin wani dattijo. Mun yi maganar kuɗi, mun yi maganar lokaci, muka shiga muna murna. Tun safe har hantsi, abin da muka kama mu huɗun bai wuce ƴan karfasa 7 ba, kowace kamar tafin hannu. Can sai yaron mai jirgin ya ja wani zare da ya saki ta bayan jirgi, sai ga giwan ruwa, tsawonta ya kai hannuna tun daga kafaɗa. Muka yi ta kabbara. Ɗaya daga cikinmu har ya fara lissafin yadda za a raba.

Da muka iso gaɓa, dattijo ya ɗauki kifin ya miƙa ma wata mai saye. Muka ce: «Baba, ina za a kai kifinmu?» Ya dube mu ya ce: «Ƴaƴana, jirgi kuka yi haya, ba ƙugiyata ba.» Muka ce ai mu muka biya wunin. Ya ce ai zarenshi ne, ɗanshi ya ja. Mutane suka taru. Wani tsoho ya tambaye mu: «Kun yi maganar kifi kafin ku tashi?» Muka yi shiru. Ƙarshenta sai da muka sayi kifin nan da kuɗinmu, kamar kowa. Har yau in na tuna ina jin haushi, amma ba zan ce dattijon ya cuce mu ba. Mu ne ba mu tambaya ba.

Don haka ka tambaya. Abin da ka kama da hannunka naka ne? Abin da shi ya kama fa? In ya jefa birgi, wato komar da ake wurgawa ta buɗe kamar laima, na wa ne? Wasu sukan yarda a raba biyu, wasu sukan rage kuɗin haya in kifin duka nasu ne. Kowanne ya yi, in dai an faɗa tun a tudu.

Kuma ka sani, wuni ka saya, ba kifi ba. Mai jirgin da ya rantse maka cewa lalle sai ka cika buhu, ka yi hankali da shi. Masunci na gaskiya zai ce maka: «Za mu je inda nake samu, sauran na Allah ne.»

Wane lokaci?

Gulbi ba kullum yake ɗaya ba. A Yamai sau 2 yake cika a shekara. Cikar farko cikin damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwan ja wur saboda laka. Ta biyu tana zuwa da sanyi, wajen Disamba da Janairu. Wannan ruwan sama ne da ya sauka can ƙasar Gine, ya yi watanni yana tafiya ta cikin Mali kafin ya iso mu. Daga nan ruwa ya yi ta janyewa har Mayu da Yuni. A 1985 ma sai da gulbin ya daina gudu a Yamai saboda fari.

Cikar damina ba ta sabon shiga ba ce. Ruwan na da ƙarfi, yana tafe da itace da ciyawa, ba ka ganin abin da ke ƙasa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Yamai ba ya bukatar a yi mishi bayani. Ga kuma hadari. Ka san yadda yake taso muna daga gabas, iska ta riga ruwa isowa. A gona sai ka ruga bukka. A tsakiyar gulbi ina za ka ruga? Lokacin da ruwa ya fara janyewa ya fi daɗi: gulbi ya natsu, kifi ya taru cikin gurabe masu zurfi, masunta kuma sun san guraben. A tafki ma haka ne, sai dai ka tambaya tukuna, don akwai wuraren da ake rufe su na wani lokaci saboda kifi ya hayayyafa.

Cikin wuni kuwa, sassafe da marece ne kifi ya fi cin ƙugiya. Da hunturu, iska takan tashi da hantsi ta tada igiyar ruwa, ga sanyin asuba bisa ruwa ya fi na cikin gari nesa ba kusa ba. Ka riƙo rigar sanyi. Kuma ko mi ake ciki, ku komo kafin magariba.

Dubi jirgin da idonka

Ran da ka je ciniki, ka ce a gwada maka jirgin. Ba raini ba ne. Jirgin katako ba ya rasa ɗan ruwa a ciki, wannan ba komi. Amma in ka ga an toshe wurare da yawa da tsumma, ko yaro bai daina kwarfe ruwa ba alhali jirgin na tsaye, ka nemi wani. Ka duba akwai abin kwarfe ruwa. In mai inji ne, ka duba akwai filafili da gora, don inji yakan mutu, kuma ba ya zaɓen wurin mutuwa.

Ka tambayi mutum nawa yake ɗauka, sannan ku tsaya ƙasa da haka. Yawancin hatsarin jirgi da muke ji a rediyo, lodi ne ya yi yawa. In kun zauna ka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ku rage mutum, ko da wanda zai sauka zai yi fushi.

Sai rigar ruwa, wadda ke hana mutum nutsewa. Ba kowane mai jirgi ke da ita ba. Ka tambaya, in babu ka biɗo aro ko haya. In akwai, ka sa ta ka ɗaure tun a tudu, ba ka zauna bisanta ba. Na san abin da za ka ce: mutane za su yi maka dariya. Bari su yi. Mu mutanen tudu, nawa ne cikinmu suka iya iyo? Ka gaya ma mai jirgi gaskiya, wane da wane ba su iya ruwa ba, don ya san inda zai zaunar da kowa. Babbar riga da takalmi mai nauyi, bar su gida. In sun jiƙa, ja suke yi ƙasa. Ƙananan yara kuwa, tafiyar farko ba tasu ba ce.

A kan ruwa, mai jirgi ne sarki

Ko kai mai gari ne, ko kai ka biya kuɗin duka, in ya ce zauna, ka zauna. Kar ka miƙe tsaye don kifi ya ja zarenka. Kar ku taru gefe guda kallon abin da wani ya kama, haka jirgi ke kifewa. In za ka wurga ƙugiya, dubi bayanka, kunnen abokinka na nan. In ya ce a koma, ko kifi na ci, a koma. Ya ga abin da ba ka gani ba.

Babban abin tsoro a gulbinmu dorina ce. Kar girmanta ya sa ka ɗauka ba ta da sauri, balle in tana da ɗa. A watan Nuwamba 2014, kusa da Yamai, dorina ta kife wani jirgi, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne. Masunta sun san inda dorina ke kwana, suna kauce ma wurin. Kar ka ce a matsa kusa don ka ɗauki hoto da salula. Mai jirgin da ya yarda da wannan roƙon, ba wanda za ka sake shiga jirginshi ba ne.

Kifin ma a san yadda za a taɓa shi. Ƙurungu na da ƙaya mai tsini a baya da gefe, sukarta na da zafi ƙwarai. Tsage na da haƙora kamar ƙusa. Minjirya kuwa, in ka kama ta da hannu za ta ba ka wuta har kafaɗa. In ba ka san kifi ba, bar yaron jirgi ya cire maka shi daga ƙugiya. Ƙananan da ba su kai ci ba, maida su ruwa.

Wani abu kuma da ba a gani da ido: tsargiya. Ƙwayar cutar na fitowa daga wasu ƴan dodon koɗi da ke zama a ruwa mai kwanciya, ta shiga ta fata. In ba dole ba, kar ka yi wanka ko ka daɗe tsaye cikin ruwan gaɓa, musamman a tafki. In bayan wasu makonni ka ga jini cikin fitsari, tafi likita, akwai magani. Ruwan sha kuma ka zo da naka cikin bido.

Hukuma da hanya

Kamun kifi na da doka a Nijar. An yi wata a 1998, aka sake sabuwa a 2021. Ma'aikatan ruwa da gandun daji ne ke kula da ita, su ke ba da takardar izinin su. Kafin ka tafi, ka leƙa ofishinsu na wurin, ka gaya musu abin da kake son yi, su faɗa maka ko kana bukatar takarda da nawa ne kuɗinta. Ka tambayi mai jirgin ma ko tashi takardar na nan. Kamun kifi da guba ko da abin fashewa haramun ne ga doka. Wanda ya ce zai zuba magani a ruwa don ka samu da yawa, tashi ka bar mishi wurin.

Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa. Wajen Gaya, gulbin shi ne iyaka tsakaninmu da Benin, tsallake guda ka shiga ƙasar wasu. Ka ce ma mai jirgi ku tsaya ɓangarenmu.

Akwai kuma wuraren da a da ake zuwa, amma rashin tsaro ya ɓata su. Tun 2015 yankin tafkin Cadi, wajen Difa, ya shiga wannan hali. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan Tilaberi da Tawa. Ayoru da gandun dajin W, inda baƙi ke zuwa da can, ba wurin yawon sabon shiga ba ne. Kar ka dogara da labarin wanda ya je shekara 10 da suka wuce. Tambayi hukuma da mutanen wurin a makon da za ka tafi. Kuma ka bar ma wani na gida sunan mashigar da za ku tashi, da lokacin da ya kamata ku komo.

In kun komo

Ka cika ma mai jirgi kuɗinshi nan take, gaban shaidun da suka ji cinikin, ka ja layi bisa takardar. In ya kyauta muku, ka ƙara mishi ɗan goro, yaron ma a sa mishi wani abu a hannu, shi ya sha wahalar gora tun asuba.

Sauran aiki kifin ne. Da zafinmu, kifi ba ya jira. Tarwaɗa na da rai mai tauri, takan daɗe cikin bokiti da ɗan ruwa. Karfasa da giwan ruwa kuwa, a fasa cikinsu a wanke tun a bakin ruwa. Matan da ke sayen kifi a wurin sukan gyara maka da kuɗi kaɗan. In gida kusa ne, ƙanƙara cikin buhu ta isa. In kuwa daga Gaya za ka koma Maraɗi ko Damagaram cikin mota, kar ka ɗauke shi ɗanye. Ka ba da a soya ko a banda maka shi, ka kwana, da safe ka kama hanya.